Tambayoyin Masu Karatu: Ɗana Yana Hawan Tsaunukan Ƙanƙara a Norwe, In Hana Shi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a Kejetia, gidanmu kuma yana Aboabo a nan Kumasi. Babban yarona ya samu gurbin karatu a jami'ar Tromso da ke ƙasar Norwe, shekara biyu ke nan. Kwanakin baya ya turo mini hotuna ta WhatsApp, shi da abokansa uku a ƙololuwar wani tsauni fari fat, babu gida, babu itace, babu hanya, sai teku can ƙasa. Ya ce sunan wurin Lyngen, kuma tun asuba suka fita, suka yi awa biyar suna hawa da wasu dogayen alluna a ɗaure a ƙafafunsu, sannan suka zamo ƙasa a kansu. Bayan haka ƙanensa ya nuna mini wani bidiyo inda dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsauni ta binne mutane, tun daga ranar ban sake barcin kirki ba. Mahaifinsa ya rasu, baffansa kuwa ya ce in hana shi domin wannan jefa kai ne cikin halaka. Malam, mene ne wannan abu, me suke yi a can yini guda, kuma in hana shi ko in bar shi? Akwai mai tafiya Turai wata mai zuwa, ina son in aika masa da kilishi da rigunan sanyi.

Hajiya, daga Aboabo, Kumasi

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya kuma raya miki zuri'a. Tsoron da kike ji yana da tushe, ba zan ce miki babu haɗari ba, domin akwai shi. Sai dai haɗarin yana zaune ne a wani wuri takamaimai, kuma idan kika san wurin za ki iya yi wa yaronki tambayoyin da za su nuna miki ko yana hannun mutanen kirki ko yana bin 'yan ganganci. Bari in fara da bayyana miki yadda yinin nasu yake tafiya.

Zamiya a kan dusar ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a filayen da aka tanada, inda injin yake ɗaukar mutum zuwa sama, ma'aikata sun daddale hanya, sun kafa alamomi, sun kawar da duk dusar da ake tsoron zaftarewarta kafin a buɗe ƙofa. Akwai kuma irin ta yaronki, wadda ake yi a dajin Allah, inda mutum ne zai hau da ƙafarsa, shi zai zaɓi hanya, shi zai karanta yanayin dusar, babu wani ma'aikaci da ya riga shi zuwa. Tsaunukan Lyngen suna gabas da birnin Tromso, a wani zirin ƙasa da teku ya kusa kewayewa, kuma akan ƙetara zuwa can da jirgin fito. Mafi tsawonsu ya haura mita 1,800 kaɗan. Abin da ya sa suka yi suna a duniya shi ne mutum yana fara hawa daga bakin teku, saboda haka wanda ya nufi ƙololuwa mai mita 1,200 sai ya hau dukkan mitocin nan da ƙarfin cinyarsa. Domin ki kwatanta, dutsen Afadjato na jihar Volta, wanda yaranmu suke karantawa a makaranta, bai kai mita 1,000 daga matakin teku ba.

Yinin yana farawa ne tun daren jiya. Hukumar albarkatun ruwa da makamashi ta Norwe tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar dusa kowace rana a lokacin ƙanƙara a shafinta mai suna Varsom, aikin da ta fara a shekarar 2013. Sanarwar tana bin ma'auni mai mataki biyar wanda ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993: mataki na 1 haɗari kaɗan, na 5 haɗari mafi tsanani. Tana kuma faɗin wane irin rauni ne ke cikin dusar, a wane tsayi yake, kuma gangaren da ke fuskantar wace nahiya ya fi muni. Ayarin kirki yakan zauna da taswira da wannan sanarwa ya zaɓi tsauni da hanya, ya tanadi wata hanya ta biyu mai sauƙi ko da ta farko ta ƙi, ya sa lokacin da dole a juyo ko an kai ko ba a kai ba, sannan ya gaya wa wani da ke gari inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.

Da safe, kafin a ɗaga ƙafa, kowa yakan kunna wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji a ƙarƙashin riga, a gwada ta kowa ɗaya bayan ɗaya. Zan dawo kanta. Allunan da kika gani kuwa, a lokacin hawa ana manna musu wata shimfiɗa mai gashi a ƙasa, wadda suke kira fata domin a da can fatar dabbar teku ake amfani da ita, yanzu kuwa gashin wata irin akuya ne ko zaren roba. Kin san idan aka shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya hannu yana sulɓewa, idan aka juyo kuma gashin ya tashi ya tare hannun. To haka fatar nan take: allo yana sulɓewa gaba, amma ba ya komawa baya. Takalmin yana maƙale da allon ta wajen yatsu kawai, diddige a sake, sai mutum ya riƙa jan ƙafa yana dogara sanduna biyu. Inda gangare ya yi tsaye ba a miƙewa sama kai tsaye, ana yin kwana-kwana kamar yadda titi yake hawan dutsen Kwahu daga Nkawkaw. Mai matsakaicin ƙarfi yakan hau mita 300 zuwa 400 a awa guda, saboda haka awa biyar ɗin da yaronki ya faɗa, tare da hutu, ba ƙari ya yi ba.

Sanyi shi ne abin da iyaye suka fi tsoro, amma a gaskiya shi ne mafi sauƙin magani. Tromso tana nesa can arewa, kimanin kilomita 350 a cikin yankin da rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, ba ta kuma faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Duk da haka ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa gaɓarsu yana sassauta sanyin birnin, ta yadda a Janairu matsakaicinsa 'yan digiri kaɗan ne ƙasa da sifiri. A kan tsauni ya fi haka, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, iska kuma tana ƙara masa kaifi. Abin mamakin shi ne mai hawa gumi yake yi, kuma gumin ne abokin gaba, domin da zarar ya tsaya jiƙaƙƙiyar riga za ta fara zuƙe ɗumin jikinsa. Shi ya sa suke sa tufafi hawa-hawa, na ulu a jikin fata, suna cirewa suna mayarwa, kuma suna guje wa auduga ƙwarai domin ita idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri. Akwai kuma hasken rana, wanda farar dusa take mayar da mafi yawansa cikin ido, har yakan ƙona idon wanda bai sa baƙin tabarau ba ya kwana biyu yana hawaye. Duhun fatarmu ba ya kare ido daga wannan.

A ƙololuwa ba a daɗewa. Akan sa riga mai kauri, a sha shayi daga filas, a ci gurasa, a ɓare fatar nan a naɗe, a kulle diddigen takalmi a jikin allo, a sa hular kwano. Hawan da ya ci awa biyar, saukarsa sau da yawa ba ta kai awa guda ba. Na san mutum zai iya tambaya ko me ya kai wani ga wannan wahala saboda zamiyar mintoci, amma ina ganin bai kamata mu raina abin ba. A ƙasar da duhu yake rufe gari wata biyu, inda baƙo yake iya shafe mako bai yi hira da kowa ba, yaron da ya samu abokan da suke fita da shi, yana motsa jiki, yana ganin halittar Ubangiji da idonsa, ya tsira daga kaɗaicin da yake karya ɗalibanmu da yawa a waje. Su kuma mutanen Norwe wannan gadonsu ne. Ɗan ƙasarsu Fridtjof Nansen ya ƙetare tsibirin Girinlan a kan irin waɗannan alluna tun 1888.

Yanzu ga wurin da haɗarin yake, Hajiya, kuma ina roƙon ki karanta wannan sashe a tsanake. Dusar da ke kan tsauni ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace zuba tana kwantawa a kan ta baya, iska ta daddale wata, sanyi ya mayar da wata gari-gari kamar sukari. Idan aka samu dandaƙaƙƙen ɓawo mai nauyi a sama, ƙarƙashinsa kuma akwai wannan mai gari-gari, to kamar an ɗora faffaɗan katako ne a kan tsabar gero a bisa gangare: yana nan zaune lafiya har sai an taɓa shi. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya raunin da ke ƙasa, tsagewar ta ruga ko'ina cikin ƙiftawar ido, ɓawon gaba ɗaya ya taho da wanda ke kansa, da gudun da yakan wuce kilomita 100 a awa. Idan ta tsaya kuma sai ta daskare kamar siminti, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Irin wannan zaftarewa tana tashi ne galibi a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, wato kusan tsayuwar matakalar bene ko fiye. Wanda ya tsaya a gangaren da bai kai digiri 30 ba, bai kuma bi ta gindin wani mai tsayi da ke samansa ba, ya kauce wa mafi yawan wannan bala'i, kuma a yankin Tromso akwai tsaunuka da dama da ake hawa ta irin wannan hanya mai sauƙi.

Abin da masu bincike suka tabbatar, a Suwizalan inda cibiyar nazarin dusa ta Davos take da kuma a Amurka, shi ne a cikin kowane haɗari goma, kusan tara wanda abin ya rutsa da shi ne ko wani a ayarinsa ya tayar da zaftarewar. Ma'ana ba kasafai take faɗo wa mutum haka kawai ba. Mutum ne yake taka inda bai kamata ba. Sun kuma gano cewa mutane sun fi mutuwa a ranakun mataki na 3, ba na 4 ko na 5 ba, domin a ranar da haɗari ya fito fili kowa yana zama a gida, amma a ranar mataki na 3 gari yakan yi kyau, dusa ta yi laushi, zuciya ta ce a gwada. Jami'ar da yaronki yake karatu ma tana da cibiya ta musamman da ke nazarin wannan ɓangare, wato yadda mutane masu ilimi suke yanke shawarar banza a kan tsauni saboda kwaɗayin kai wa ƙololuwa, ko kunyar a ce su ne matsorata, ko ganin sawun wasu a gabansu.

Ba zan ɓoye miki cewa yankin nasu ya ga rasuwa ba. A watan Maris na 2012 mutum biyar baƙi daga Suwizalan da Faransa sun rasu a zaftarewa guda a tsaunin Sorbmegaisa, a ƙetaren ruwa daga Lyngen, kuma har da jagoransu a ciki. A ranar 2 ga Janairun 2019 wasu huɗu daga Finlan da Suwidin sun rasu a kwarin Tamok. Na kawo na farkon ne musamman domin ki san ko ƙwarewa ba ta zama garkuwa idan an shiga gangare mai tsayi a ranar da dusa take da rauni.

Na'urar ƙirjin nan da na ambata aikinta shi ne fitar da sigina a kai a kai. Idan dusa ta binne mutum, sauran sai su juya nasu zuwa nema, su bi siginar har inda ta fi ƙarfi, su soka wata doguwar sanda mai haɗe-haɗe har su taɓa shi, sannan su haƙa da shebur. Dole kowane mutum ya ɗauki ukun nan, na'ura da sanda da shebur, domin babu wanda ya san wa za a binne wa zai yi haƙa. Lissafin Suwizalan ya nuna cewa wanda aka tono cikin kimanin minti 15, in dai bai ji mummunan rauni ba, kusan tara cikin goma suna rayuwa, amma bayan minti 35 waɗanda ke rayuwa ba su fi kashi ɗaya cikin uku ba, saboda numfashi yana ƙarewa. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso wuri mai nisa a cikin wannan ɗan lokaci. Saboda haka ran yaronki, bayan ikon Allah, yana hannun mutum ukun nan da kika gani a hoto, nasu kuma yana hannunsa. Shi ya sa ayarin da ya san abin da yake yi ba ya shiga gangare mai shakka gaba ɗaya. Ɗaya yake sauka, sauran suna kallonsa daga wuri amintacce, sai ya kai sannan na biyu ya biyo.

Game da maganar baffansa, ayar da ya dogara da ita, wadda ta hana jefa kai cikin halaka, gaskiya ce, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 195, kuma damuwarsa ta uba ce, a girmama ta. A fahimtata wanda ya hau gangare mai tsayi a ranar da hukuma ta yi gargaɗi, ba horo, ba kayan ceto, ya shiga ƙarƙashin wannan gargaɗi na Alƙur'ani. Wanda kuwa ya koyi abin, ya ɗauki kayansa, ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya yi abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma, cewa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Hukuncin ƙarshe na malamai ne, kuma yana da kyau ku kai wa limaminku bayanin yadda abin yake dalla-dalla kafin ya yi magana a kai.

Shawarata ita ce kada ki fara da hani. Yaron da ke nisan dubban kilomitoci, idan aka hana shi abin da ransa yake so ba tare da an saurare shi ba, sau da yawa hotunan ne kawai za su daina zuwa, ke kuma ki rasa sanin halin da yake ciki. Ki kira shi a natse ki tambaye shi ko ya yi kwas na sanin zaftarewar dusa, irin wanda ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, wadda aka kafa tun 1868, take shiryawa na kwana biyu ko uku. Ki tambaye shi ko yana da na'ura da sanda da shebur nasa na kansa, da kuma ranar da suka yi atisayen nema na ƙarshe, domin kayan da ba a saba da su ba ba sa amfani a lokacin firgici. Ki tambaye shi mataki nawa Varsom ta bayar ranar da suka ɗauki hoton nan, da karkatar gangaren da suka bi. Idan ya amsa da lambobi ba tare da inda-inda ba, alama ce mai kyau. Tambayar da na fi ba muhimmanci kuwa ita ce: sau nawa suka taɓa juyowa ba su kai ƙololuwa ba, kuma wa ya ce a juyo? A cikin ƙa'idojin hawan tsauni guda tara da Norwe take koya wa 'ya'yanta, ta takwas cewa take a juyo da wuri, babu abin kunya a juyowa. Ayarin da ya shafe damina biyu ta ƙanƙara bai taɓa fasa tafiya ba, ko dai sa'a ce take ɗauke da shi ko kuwa ba ya kallon abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma a nan ne zan goyi bayan ki sa baki da ƙarfi, ki ce ya canza abokan tafiya ko ya koma filayen da aka tanada. Ki kuma nemi alkawari biyu a wurinsa: daga mataki na 3 zuwa sama ba zai taka gangaren da ya kai digiri 30 ba, kuma ba zai taɓa fita shi kaɗai ba.

Tun da a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a watannin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da hawan yake kankama, ki ja hankalinsa kada ya haɗa doguwar tafiya da azumi, domin busasshiyar iskar sanyi tana zuƙe ruwan jiki mutum bai sani ba, gajiyayye kuma shi ne mai yanke shawara mara kyau. Akwai masallaci a Tromso mai suna Alnor, can ne zai samu bayanin lokutan salla da na buɗa baki da suka dace da wurin.

Sai maganar saƙo. Kilishin kam ki bar shi, domin Norwe ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba, za a ƙwace a filin jirgi. Dabino da soyayyar gyaɗa sun fi dacewa, kuma su ne irin abincin da ake so a jakar goyo domin suna ba da ƙarfi nan take. Rigunan sanyin da ake samu a Kejetia yawancinsu auduga ce ko roba mai riƙe gumi, za su yi masa amfani a cikin gari amma ba a kan tsauni ba. Idan ya ce miki bai yi kwas ɗin ba tukuna, kuɗin rigunan ki tura masa su zama na rajista, ki ce ya turo miki hoton takardar shaidar kammalawa kafin ya sake hawa.